Malam Namadi da Hanyar Ƙauyenmu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Namadi, shugaban 'yan kabu-kabun tasharmu a Bukkuyum, bayan jinyar kwana huɗu.

Baba Namadi, har yanzu ji nake kamar a mafarki aka faɗa mini. In na lumshe ido sai in hango ka cikin hazon damina, babur ɗinka na ratsa gero, bakin rigarka na kaɗawa, ba ka sauri kuma ba ka tsayawa.

Ni ce Hamida, ma'aikaciyar ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Adabka, wadda ta taɓa zuwa tasha ta wanke ka tas a gaban yaranka. Na ce kuɗin hanyarmu ya fi ƙarfin talaka, mata na riƙe 'ya'yansu da zazzaɓi a gida saboda shi. Ka ji tausayi, ka zaftare kusan rabi. Na koma ina taƙama.

Ashe ɓarna muka yi, ni da kai. Hanyar laka ce, tana shan mai, tana cin taya. Kwana tara ba babur ɗin da ya leƙo mu. A amalanke muka kai wata mai naƙuda bakin titi, ina biye ina jin kunyar bakina.

A rana ta goma sai ga ka da kanka, da furfurarka, laka har gwiwa. Ka ce, "Malama, ni na ɓata, ni ka gyarawa." Mako biyu kana jigilarmu, kana auna hanyar da jikinka. Sannan ka tara yaranka: ka ɗan ɗaga kuɗin mutum, ka ɗora nauyin a kan buhunan 'yan kasuwa, ka kuma kafa layi, duk mai son lodin hanyar Gummi mai daɗi sai ya yi sawu ɗaya zuwa wurinmu. 'Yan kasuwa sun yi gunaguni, ni ma na yi. Amma tun ranar ba mu sake wayar gari ba babur ba.

Ranar da ka rasu ina da wata yarinya a ɗakin shan magani da jininta ya yi ƙasa, sai an kai ta babban asibiti, na kuma san duk tasha na wurin jana'izarka. Na cire rai. Sai ga Haladu, ɗaya daga cikin yaranka, ido jawur. Na ce, "Ba ka tsaya sallar Baba ba?" Ya ce, "Yau layina na. Ya ce ko rad da za a kai shi, kada a bar hanyag ga." Yarinyar tana gida yanzu, tana cin tuwo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sauƙaƙe maka taka hanyar. Matarka Inna Atine da 'ya'yanku, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.