Bututun da Ya Yi Rawa a Hannun Delmar

In ka gaishe da Delmar Kostelecky da fara'ar da ta wuce kima, sai ya bi ka da ido har ka ɓace, yana lissafin abin da ka zo nema. Haka Allah ya yi shi. Shekara talatin da takwas yana gyaran bindigogi a ɗan shagon da ke bayan gidansa, can yammacin Dakota ta Arewa, kuma ba a taɓa jin ya yarda da maganar mutum a karon farko ba. Kofi ma sai ya sansana kafin ya kurɓa, ko da a coci aka miƙo masa.

Amma fa aiki, sai dai a sara masa. Makiyaya da mafarauta na gundumomi uku shi suke kawo wa bindigoginsu, irin masu ɗura harsashi da kansu bayan kowane harbi. Abin da ya yi suna a kai shi ne zaman bututu. Gindin bututun bindiga yana shiga wani rami ne a gangar jikinta, sannan a ɗaure da noti. In ya zauna daram, harsashi biyar sai su faɗa wuri guda. In kuwa akwai 'yar rawa, ko da kaurin silin gashi ce, da ƙarfe ya ɗauki zafi sai kowane harsashi ya kama gabansa. Sauran masu sana'ar da ma'auni mai allura suke gano wannan rawa. Delmar yana da ma'aunin, amma yana jibge a aljihun tebur, don shi ma bai yarda da shi ba. Yatsu uku yake ɗorawa, ya rufe ido, ya ɗan girgiza, shi ke nan ya sani.

In ya gama ɗauri sai ya ɗiga jan farce a kan notin, daga kwalaben da marigayiya matarsa ta bari. Duk mai ƙarambanin da ya kwance, ɗigon zai tsage, asiri ya tonu.

Wata safiyar Talata, lokacin haihuwar tumaki, sai ga Orvel Haugen ya turo ƙofa. Tun firamare suke tare, shi kaɗai ne ke shiga shagon ba ƙwanƙwasawa. Ya dangwarar da bindiga a kan tebur, wadda Delmar ya haɗa masa wata biyu da suka wuce.

“Ga tsiyarka nan,” in ji Orvel. “'Yan raguna bakwai diloli suka kwashe mini cikin sati biyu. Sau huɗu ina harbi, ko gashin wutsiya ban taɓa ba. Jiya wani har tsayawa ya yi yana kallona.”

“Tausayinka ya ji,” in ji Delmar. “Yaushe rabonka da canza tabarau, tsoho?”

“Idona garau yake.”

“To harsashin banza ka saya. Na san ka da son araha.”

“Wanda ka ce in saya, shi na saya.”

Delmar ya miƙe. Ya ɗauki bindigar suka fita bayan shago, inda ya kafa allon gwaji a nisan yadi ɗari. Ya kwantar da ita a kan buhunan yashi, ya yi saiti da kansa. Na farko da na biyu suka faɗa kusa da juna. Na uku ya yi sama, na huɗu ya yi hagu, na biyar ko takardar bai samu ba. Ba iska, ba komai. Nan take ransa ya ɓaci, don ya san wannan ciwo na rawar bututu ne, kuma ya san ba a hannunsa ake kamuwa da shi ba. Lallai wani ya taɓa.

Suka koma ciki. Ya cire murfin da ke rufe gindin bututun, ya kai fitila kan notin. Ɗigon jan farce na nan lafiya lau, ko tsaga babu.

Ya ɗago ya zuba wa Orvel ido. “Matarka Joyce ba ta da irin wannan launin?”

“Kai, Delmar! Ka ji tsoron Allah! Wato in kwance bindigata, in lalata ta, in saci jan farcen matata in shafa, don diloli su ci dukiyata? Shekara sittin muna tare, yau ni ne ɓarawon jan farce?”

“Ni dai tambaya na yi.”

“Tambayar banza ka yi.”

Delmar ya kwance notin, ya ɗora yatsunsa uku, ya rufe ido, ya girgiza. Shiru. Ya sake. “Daram yake,” ya ce, har da 'yar gadara. “Ba daga nan ba ne.”

Orvel, don haushi, ya fizge bututun da hannunsa na kiwo mai kaushi kamar ɓawon itace. Ya girgiza sau ɗaya, sai ya tsaya cak.

“Yana rawa mana.”

“Zolayata kake yi.”

“Na rantse yana rawa. Ƙyas-ƙyas, ga shi nan ina ji. Kai ba ka ji ba?”

Delmar ya leƙa fuskar abokinsa yana neman alamar dariya, bai samu ba. Da ma ya samu, da ya fi masa sauƙi. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da ma'aunin nan, ya hure ƙurar da ke kansa, ya kafa. Ya taɓa bututun kaɗan. Allura ta yi tsalle, ta dawo, ta sake yin tsalle.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Bara likita ta gaya masa ciwon suga zai iya kashe masa jin taɓi a yatsu, ya ce ƙwayoyinta take son sayarwa. Maɓallin riga ya fara yi masa gardama, ya ce masu ɗinkin yanzu ne ba su iya aiki ba. Ya ɗaga hannun dama yana kallonsa kamar na wani baƙo. Ya zargi harsashi, ya zargi tabarau, ya zargi matar mutane, ashe mai laifin na maƙale a jikinsa.

“Bindiga nawa ka haɗa tun kaka?” Orvel ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Sha ɗaya.”

“To saurara, ɗan'uwa. Gyara tawa, ni ban ga komai ba. Daga yau ka riƙa aiki da allurar nan, ba wanda zai sani. Ko Joyce ba zan gaya wa ba.”

Delmar ya dubi allurar ma'aunin. Sunan da ya yi shekara talatin da takwas yana ginawa, ga shi an ba shi hanyar tsira da shi kyauta. Amma bindigogi goma na can a hannun mutane, kowa na saiti da su yana cewa ai aikin Delmar ne, ba sai an gwada ba. Wasu a kusa da garke suke harbi, wasu a kusa da gidajen maƙwabta.

Ya jawo waya. Sau biyu yatsansa na kuskure lamba, Orvel ya kawar da kai kamar bai gani ba. Da Arlo Stenvold ya fara, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta gama zaga gunduma.

“Arlo, Delmar ne. Bindigar nan da na haɗa maka, kar ka ƙara harba ta, kawo mini ita yau.” Ya saurara. “A'a, na san ba ka taɓa ta ba. Ba kai ba ne. Ni ne.”