Goron da Matan Unguwarmu Suka Tauna

Ranar wata Alhamis ce, kwana tara kafin a kai Yaya Dije ɗakin mijinta a birni, a shekarar da rumbun Baffa ya rufta kan awaki, na fito daga ɗakin kakata da goro bakwai ƙulle a gefen zanena. Ina tafe ina tale ƙafa kamar agwagwa. Goro bakwai ne tak, amma ji nake kamar na kwashe ayarin Gwanja duka har da jakunansa. Shekaruna tara a lokacin, ko goma in an bi lissafin kakata, wadda takan ƙara mini shekara duk ranar da na yi laifi don bulalar ta dace da ni.

Gidanmu a Gaya gidan malamai ne. Baffa, wato mahaifina, yana da zaure cike da ɗalibai, kakata kuwa, da kowa ke kira Inna Malama, ita ce ta mata. Duk Alhamis bayan azahar sai su taru a gindin ceɗiyar tsakar gida, ta kwance gafakarta, ta zaro takardun waƙoƙin wa'azi da gefensu ya ci hayaƙi, ta rera suna amsawa. Tana yawan tsayawa ta yi musu fashin baƙi, ta ce, "Likkafani ba ya tambayar 'yar wane ce." Sai mata su yi ta share hawaye da bakin mayafi. Da an shafa fatiha kuma kowa ta kakkaɓe zanenta, Iya Asabe, baiwar Baffa, wadda ta saurara daga bakin murhu, ta zo ta naɗe tabarmin da ba ta taɓa zama a kansu ba.

Iya Asabe ita ce uwar Ladi, ni da Ladi kuwa damina ɗaya aka haife mu. Tare muke zuwa rijiya, tare muke fasa tulu, ni kaɗai nake da bakin cewa wani jaki ne ya bi mu. In gero ya fara ido a gonar Baffa ta wajen Ajingi, can ake tura mu korar tsuntsaye, mu hau rumfa muna kaɗa ƙwarya muna ihu har tsuntsayen su saba da mu su riƙa zuwa sauraro. Mu tono ɗanyar gyaɗa, mu kamo fara mu gasa, mu hau kanya har sai cikinmu ya ɗaure. A carafke ba a taɓa cin Ladi ba, hannunta kamar na aljana. A gida ni ake zuba wa tuwo a akushi, ita a ba ta ƙanzon tukunya, ni kuwa ƙanzo nake so, sai mu yi musaya ina ganin na cuce ta. Da safe in ɗauki allo, ita ta ɗauki taɓarya. Ban taɓa tambayar dalili ba, kamar yadda ba na tambayar dalilin da kaza ba ta shiga ruwa.

Sai wata safiya ina ɓoye bayan randa, saboda wani laifi da ba sai na faɗa ba, na ji goggonnina suna jera kayan Yaya Dije: tasoshi, tabarmi, tukwane, faifai, sai ɗaya ta ce, "Sai Ladi, ta riƙa yi mata daka." Haka aka faɗe ta, tsakanin faifai da muciya. Da na gaya wa Ladi ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni ko akwai kanya a birni. Iya Asabe kuwa yini ta yi tana dakan geron da ya riga ya zama gari. Na je wa Baffa ina majina, ya shafa kaina ya ce maganar manya ce.

A nan dabarar ta faɗo mini. A garinmu in yarinya tana son ƙawa, goro take aikawa, a raba wa manya, duk wadda ta tauna ta zama shaida. Daga ranar ƙawa ta zama daidai da ke, ita za ta zauna gefenki ranar bikinki, kuma tun da aka kafa Gaya ba a taɓa jin an haɗa ƙawar 'yar malam cikin kayan ɗaki ba. Na kuma san halin matan unguwarmu: in aka miƙa musu goro, baki ne ke fara karɓa, tambaya sai daga baya.

Da aka shafa fatiha ranar Alhamis ɗin, maƙogwaron mata duk ya bushe da amshi, na ɓare goron nan gida biyu-biyu, na ɗora a faifai, na bi su ina durƙusawa da ladabin da ban taɓa yi ba ko a mafarki. Matar liman, mai haƙora uku, ita ta zaɓi mafi girma. Inna Malama ma ta ɗauka tana sa mini albarka, ba ta gane nata ba ne. Sai da baki ya yi ja ko'ina Goggo Mairo ta ce, "Ke Hanne, wai goron mene ne wannan?"

Na ce, "Na ƙawance ne, ni da Ladi."

Matar liman ta yi yunƙurin tofarwa, amma ina, goron ya riga ya wuce wuya, ya yi nisa har garin Toranke. Inna Malama ta ce, "Ja'ira, ƙawa ai da tsara ake yi." Na ce Ladi tsarata ce, a tambayi unguwarzoma. Ta ce ba wannan tsarar take nufi ba. Na ce, "To Inna, likkafanin ɗazu fa?"

Tsohuwa ta dubi takardar da ke cinyarta ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "A ina kika sami goro?" Dukan da na sha ranar, in da gero aka yi wa da ya ciyar da unguwa har kaka. Amma bayan la'asar ta ɗauki sandarta ta shiga wurin Baffa, na ji ta ta katanga tana cewa, "Da bakina na tauna, kuma da bakina na rera. Wanne kake so in tofar?" Ladi ba ta tafi ba. Ranar bikin mun yi gaɗa har ƙafafunmu suka kumbura, kuma shekarun da suka biyo ban san waɗanda suka kai su daɗi ba.

Yanzu na yi azumina na huɗu. Inna Malama ta rasu bara, ni nake zama a gurbinta ina rera wa mata, suna kuka a daidai inda suka saba. Ladi tana nan, ƙawata ce, sai dai a gaban mutane "'yar Malam" take ce mini, kuma har yau ita ke da taɓarya. Bana ne muna tsinkar zogale Iya Asabe ta gaya mini abin da rawa ta hana ni gani. Ranar da aka kai Yaya Dije, wata yarinya aka ɗauko a madadin Ladi daga rinji, ƙauyen bayin gona, Tasalla, ita ta bi bayan jakin da aka ɗora wa tabarmi. Uwarta har yanzu takan fito bakin hanya duk ranar da fatake suka dawo daga birni. Ina kewar kwanakin da nake tsammanin na ci nasara.