Mai Gogen Da Ya So Zama Kyaftin

Lemuel Dack shi kaɗai ne mai goge a ƙauyenmu na kwarin Utah, kuma gogen bai dame shi ba. Abin da yake so a duniya shi ne kwat ɗin kyaftin na rundunar sa-kai, mai maɓallan tagulla, wanda asu ya cinye hammatarsa.

Kwat ɗin ba ya daɗewa a jikin kowa. Duk ranar fareti dattawan coci kan zo daga birni, idonsu ya sauka kan wanda ke gaba yana ɗaga takobi. Kafin a girbe alkama sai ka ji an kira sunansa a kan mumbari, an tura shi wa'azi Ingila. Ba a ƙin kira. Da muka gano haka, sai muka riƙa zaɓen duk wanda ya ishe mu. Mai satar ruwan ban-ruwa ya yi kyaftin. Mai doguwar addu'a ma ya yi.

Lemuel kuwa, in aka kira sunansa, hannuwa sai su maƙale a aljihu. Wa zai yarda a ɗauke mana mai goge ga hunturu na tafe? Bawan Allah ya ɗauka raina shi muke yi, har ya rame. Ni abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni tausayi.

Matarsa Tryphena ce ta fasa ƙwan, tana tuƙa faten masara.

"Kai ma dai, mai gida. Wa ya raina ka? Rawa suke so, shi ya sa suka ɗaure ka a gida kamar saniyar tatsa."

Daren rawa na gaba, mun kawo kabewa da dankali ladan shiga, Bishop, shugaban cocinmu, ya buɗe da addu'a, Lemuel ya ja goge. Abin da ya fito sai ka ce ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi.

"Ɗan'uwa Lemuel, lafiya?" in ji Bishop.

"Lafiya lau. Haka hannuna ya koma, kuma ina jin haka zai zauna."

Mun daure hunturu guda. Ranar zaɓe hannuwa suka tashi, har da nawa, ina jin haushinsa ina jin haushin kaina.

Fareti ɗaya ya yi. Ya ce a juya dama, rabinmu muka afka gonar Bishop, amma fuskarsa ban taɓa ganin mai farin ciki irinta ba. Kira ya zo kamar yadda aka saba.

Ranar tafiya, a bakin keken shanu, ya ɗauko gogen ya yi mana kiɗan da ba mu taɓa jin kamarsa ba. Tryphena na tsaye da ciki da yara. Babu wanda ya iya taka rawa.