Ranar da Irmiya Ya Harbi Mani

Irmiya Soja haifaffen Matankari ne, amma yawancin shekarunsa a Dogon Dutsi ya yi su, a wani gidan ƙasa da ke bayan majami'a. Yana saurayi Faransawa suka ɗebe shi aikin soja, ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙasashen da har ya tsufa ba ya son a tambaye shi labarinsu. Ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da Faransancin bariki, da addinin Almasihu wanda ya karɓa a hannun wani abokin aikinsa. Ya auri Dorkas, suka haifi 'ya'ya, ya kama aikin katako, yana yi wa mutane ƙyamare da bencina. Yana da bindigar farauta mai baki ɗaya, da takardarta ta hukuma, kuma ban da zabin daji ba abin da ya taɓa harbi da ita.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, wannan kam ba a ɓoye shi. Ba ya ƙarya, kuma ba ya barin a yi ta a gabansa. In ka ce ka ga zabi ɗari a fadama, sai ya tambaye ka ko tsayawa suka yi ka ƙirga su. Mutane suna ganin girmansa, amma in sun hango shi tafe wurin hira sai labari ya ragu.

Mutum ɗaya ne ke iya masa, shi ne Mani mahauci. Uwar Irmiya ta rasu yana jinjiri, uwar Mani ce ta shayar da su tare. Lokacin da dangi suka ja baya saboda addinin da ya koma, Mani bai fasa sa hannu a akushi ɗaya da shi ba, sai dai tsiya da yake masa yana kiransa ɗan Mishan. Mani ɗan tauri ne. In makaɗa suka taɓa masa take, zai zare wuƙa ya yi ta gurzawa a ciki da wuya, ba ko ƙwarzane. Da wannan suna yake ci, da shi yake tafiya a kasuwa kafaɗa a buɗe.

Shekara biyu da samun 'yancin kai, bayan an gama kai hatsi rumbu, motar silima ta zo daga Yamai. Aka ɗaura farin ƙyalle a katangar lakwal, wato makarantar boko, gari ya taru da magariba. Tun da Faransanci ake yi a ciki, aka sa Irmiya ya tsaya gefe yana mayar wa mutane da Hausa. Labarin wani ƙaton Bature ne mai matsattsun kaya da mayafi a wuya, wanda ke tashi sama ba fiffike. Ɓarayi suka tare shi da bindigogi suka yi ta ɓarin wuta, shi kuwa ya riƙe ƙugu, harsasai suna dukan ƙirjinsa suna zuba ƙasa.

Abin da ya tsone wa Irmiya ido daban ne. Ƙaramar bindigar da ke hannun shugaban ɓarayin ya san irinta, harsashi shida take ci. Ya ƙirga harbi goma sha bakwai ba a sake ɗura ta ba. Ya manta da aikin da aka sa shi, ya juyo ga jama'a.

"Wanga ƙarya ta!" in ji shi. "Bindigogin ga ba ƙwaya cikinsu. Mun yi koyon halbi da irinsu, ƙara da hayaƙi na kawai."

Wa zai saurare shi? Aka ce ya kauce yana tare wa mutane gani. Abin da Dogon Dutsi ta gani a ƙyallen nan ɗaya ne: ashe Nasara ma suna da ɗan tauri, kuma nasu ya wuce wuƙa ya kai bindiga. Kwana uku ba a yi wata hira a mahauta ba sai wannan, har aka fara tambayar Mani, cikin wasa, ko nasa taurin iyakarsa wuƙar yanka akuya ce.

Wasan bai yi wa Mani daɗi ba. Ya rufe rumfarsa ya ɓace kwana tara, aka ce ya tafi wurin wani boka can bayan Tibiri. Ya dawo ya rame, idanu jajur, ya ce ya sha abin da ya sha, yanzu darma ruwa ce a jikinsa. Wani maharbi mai suna Yaro, wanda dama ba sa ga-maciji da shi, ya yi dariya har da buga ƙafa. Mani ya ce to, ya zo da bindigarsa ranar Laraba da hantsi, bayan dutse inda jandarma ba sa leƙawa. Bindigar Yaro kuwa ƙirar maƙera ce, wadda yake ɗura wa albarushi da guntayen fasasshiyar tukunyar ƙarfe. An taɓa ganin abin da ta yi wa gyado.

Irmiya ya sami Mani a gida yana wasa wuƙa. Tsoro ne fal cikinsa, amma da yake bai iya lallashi ba, sai abin ya fito da faɗa.

"Kai Mani, haukacewa ka yi? Na ga mutane masu layu hal ƙahwa, na kuma taya bizne su."

"Nasu ba na ƙwarai ba na," in ji Mani, bai ɗago ba.

"Baturen ga da ka gani ɗan wasa na. Bindigar wohi anka halba mishi."

"Kai kac ce. Mu mun gani da idonmu."

Irmiya ya yi masa rantsuwa, ya roƙe shi don darajar nonon da suka sha, ya tuna masa 'ya'yansa huɗu. Mani ya ce magana ta riga ta fita, in ya janye ba shi da sauran fuskar shiga kasuwa. Irmiya ya yi tunanin kai ƙara wurin jandarma, ya ga iyaka su kulle Mani kwana biyu, ya fito ya je wani ƙauye ya tsaya gaban wata bindigar inda ba mai hanawa. Ya daɗe tsaye yana kallon wuƙar tana kai da kawowa a kan dutse.

"In dole sai an halbe ka," ya ce, "ni za ni halbinka. Bindigar Nasara ta hi tarkacen Yaro. In tawa ba ta kama ka ba, magana ta ƙare."

Mani ya yi murna ƙwarai. Ya ce ashe ɗan Mishan ya fara hankali.

Ranar Laraba da safe Irmiya ya shiga rumfar aikinsa ya ja ƙyaure. Ya ɗauki harsashi ɗaya ya buɗe bakinsa da tsinken ƙarfe, ya juye ƙwayoyin darmar a tafin hannu, ya cusa kaɗa, wato auduga, a gurbinsu ya liƙe. Dorkas ta shigo da fura ta tarar da shi yana zuba ƙwayoyin a aljihu.

"Maigida, wanga ba yaudara ba ta?"

"Yaudara ta," ya ce. "Ki yi mini addu'a hakanan."

Bayan dutse ya cika kamar ranar kasuwa. Makaɗan tauri sun zo, mata sun hau tudu, Yaro yana gefe da bindigarsa a kafaɗa yana cika yana batsewa don an ƙwace masa rana. Mani ya tuɓe riga ya tsaya gindin wani gawo. Irmiya ya auna taku talatin da kansa, ya ƙara biyar ba wanda ya lura. Ya ɗaga bindiga ya auna ƙirjin ɗan'uwansa da bakinta.

Ya danna. Ƙara ta amsa a jikin dutse, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse daga gawon. Da hayaƙin ya yaye, ga Mani tsaye yana shafa ƙirji, yana dariya. Wuri ya kaure da guɗa da kiɗa. Irmiya ya sauke bindiga ya ce a ransa shi ke nan, an wuce wurin.

Ba a wuce ba. Yaro ya ratso taron ya tsaya inda Irmiya ya tsaya.

"Wagga bindigar tsuntsaye ta!" ya ce da ƙarfi. "In maganin gaskiya na, shi tsaya ma tawa."

Jama'a suka ɗauka, a gwada, a gwada. Mani, wanda kirari ya riga ya hau masa kai, ya buɗe hannuwa ya ce Yaro ya taho da uwar bindigarsa ma in tana da rai. Yaro ya durƙusa ya fara dannan albarushi.

Irmiya ya jefar da tasa ya nufi gawon da sauri. Ya rungume Mani kamar mai yi masa barka, ya kamo hannunsa ya juye masa ƙwayoyin darmar a tafi, ya matse yatsunsa a kansu.

"Ga abin da ya kamata shi shiga ƙirjinka," ya raɗa masa. "Ni na hidda su da sahe. Kaɗa na halba maka. Ta Yaro ba kaɗa cikinta."

Mani ya ji sanyin darmar a hannunsa. Ya san Irmiya tun suna rarrafe, ya san ba ya faɗin abin da ba shi ba. Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya dubi taron, ya dubi makaɗa, ya dubi matan da ke kan tudu, cikinsu har da tasa.

"Ka gama da ni, Irmiya," ya ce a hankali. "Kauce. Gara ta Yaro da dariyar mutanen ga."

Irmiya bai kauce ba. Ya juya ya ba Mani baya, ya tsaya daidai gabansa, ya fuskanci Yaro wanda ya riga ya miƙe ya ɗana kunamar bindiga.

"Kowa nan ya san ba ni da laya, ban taɓa shan komi ba," ya ce. "Wanda za shi halbin Mani, sai ta bi ta kaina."

Ya zaci wannan zai sa a watse. Bai san mutanensa ba. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce sojan da ya yi shekara goma sha ɗaya cikin wuta ya dawo da ƙafafunsa, shi ne zai ce ba shi da komai? Ai nasa ya fi na Mani, ɓoyewa yake saboda Mishan. Maganar ta bi taron kamar wuta a karmami. Makaɗa suka canja take, aka shiga ihu a harba musu su biyu. Yaro ya gyara tsayuwa, ya kwantar da kunci a kan bindiga. Shi ma ya yarda, kuma wannan ne abin tsoron: ba ya ganin kisa zai yi.

A duk filin nan mutum ɗaya ne ya san babu komai a jikin Irmiya sai rigar aiki, kuma yana tsaye a bayansa yana jin numfashinsa.

"Dorkas hwa? Ɗiyanka hwa?" in ji Mani.

"Kai ka sani," in ji Irmiya, bai waiwayo ba.

Yaro ya rufe ido ɗaya.

"Tsaya!"

Mani ne. Ya ture Irmiya gefe, ya ɗaga hannu sama inda kowa zai gani, ya buɗe. Ƙwayoyin darma suka zubo ƙasa. Kiɗa ya tsaya. Da bakinsa ya faɗa musu cewa bindigar farko ba komai a cikinta sai kaɗa, shi bai sani ba, kuma ba shi da maganin bindiga. Yaro ya sauke tasa, ya dube ta, sai ga shi ya zauna daɓas a ƙasa. Sannan wani ya fara dariya, saura suka kama.

Dariyar ta yi shekaru ba ta mutu ba. Makaɗa suka daina taɓa wa Mani take, a mahauta aka laƙaba masa Mai Kaɗa, sunan da ya bi shi har furfura. Bai ƙara wasan tauri ba, bai kuma ƙara taka ƙofar gidan Irmiya ba. In sun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Abin ya ci Irmiya ƙwarai, don ba shi da wani aboki bayansa, kuma bai sake yin wani ba. Ranar Lahadin da ta biyo ya miƙe a majami'a ya faɗi cewa ya yaudari jama'a, ya nemi gafara, amma da aka tambaye shi ko ya yi nadama sai ya ce a'a.

Mani ya yi shekara ashirin da shida bayan wannan rana, ya aurar da 'ya'yansa huɗu, ya ga jikoki. Duk tsawon shekarun nan Irmiya yakan bi ta mahauta da safe, ko ba shi da abin saye, ya tsaya daga nesa. Dorkas ta taɓa tambayarsa me yake zuwa nema wurin mutumin da ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

"Zuwa nike in gan shi tsaye," ya ce.