'Yar Aike Tsakanin Inna da Ɗan Farinta

Yayana Haliru ya daɗe yana koyar da Turanci a wata sakandare a Safana. Ɗalibansa har yau suna cewa babu kamarsa a darasin nan na ba da labarin tambayar wani: a ce "Ina za ka?", kai kuma ka mayar da ita "ta tambaye shi inda za shi". Yo ba dole ya iya ba! A cikin abin aka raine shi.

Shi ne ɗan farin Innarmu Tasalla, Allah Ya jiƙanta, can ƙauyenmu Babban Duhu. Bafulatana ce mai kunyar gaske, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki. Ni ce 'yar aike. Yana zaune gabanta yana shan fura, sai ta ce, "Zuwairatu, tambayi wancan ko shanun sun sha ruwa." In juya in maimaita, alhali ya ji sarai. In haushi ya kama ni in ce, "Haba Inna, kurma ne?" sai ta rarumo mini muciya. Wallahi ina kewar tsakar gidan nan.

Shi kuwa abin yana ci masa rai. Ya taɓa ce mini, da furfurarsa, burinsa ɗaya ne: Inna ta tambaye shi wani abu da bakinta, ko sau ɗaya, kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu.

Bayan mun koma Batsari da zama, ciwo ya kwantar da Inna, Haliru ya ɗauki hutu ya zo jinya. Wata safiya yana ɗakinta ta ƙwala mini kira. Na taso, sai ya ɗaga mini hannu daga bakin ƙofa, alamar kada in shigo. Na laɓe na yi tsit.

Ta sake kira. Shiru. Ya matsa kusa ya ce, "Inna, ga ni. Me kike so?"

Ta mayar da fuskarta bango. Can, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kai... ba ka riƙe ni a zuciya ba, ko?"

Malamin da ke yini yana zuba a aji ya buɗe baki, magana ta ƙi fita, sai hawaye cikin gemu. Ita kuma tana jira, ba ta juyo ba.

Dole na fito. Na ce, "Inna, ya ce a'a, bai riƙe ki ba."