Kunkurun Baba

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a daminar shekarar da na shiga aji ɗaya na firamare, muna tsakar 'yar gala-gala a ƙofar gidanmu da ke Zaitawa, sai muka ji wata ƙara daga bakin lungu kamar an tayar da injin markaɗe. Muka watsar da wasan muka ruga. Wata 'yar mota ce shuɗiya mai ƙusumbi, ga Baba a ciki ya riƙe sitiyari da hannu bibbiyu, hularsa tana gogar rufi. Ta shigo a hankali, tana neman gogar bango hagu da dama, har ta iso kwanar gidan Malam Habu maɗinki, nan ta cije, kusurwar katangarsa ta hana ta juyawa. Malam Habu ya fito da almakashi a hannu, ya sa aka buɗe masa murfin gaba don ya ga injin da ke wannan ruri, ya leƙa ya tarar da taya ɗaya da fili fetal. Ya dafa kafaɗar Baba cikin jimami ya ce, "Malam Sani, an cuce ka. Sun ba ka mota sun riƙe injin." Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ja shi baya ya nuna masa. Kafin azahar Malam Habu da kansa ya ɗauko diga ya sassaƙe kusurwar katangar tasa ta ƙasa, ya yaɓe ta a zagaye, ya ce ba za a ce motar farko ta zo lungunmu ta kwana a titi saboda shi ba.

Kunkuru kowa yake ce mata. Baba ya gaya mana asalinta daga Jamus take, amma a lokacin a Legas ake harhaɗa ta, shi ya sa ta zama motar malaman makaranta irinsa da ƙananan ma'aikata. Ƙofarta biyu, injinta a baya, wurin kaya a gaba, kome nata a juye yake. Iska ce take sanyaya mata inji, ko ɗigon ruwa ba a ɗura mata, don haka yaran unguwa suka sa mata mai azumi. Masu irinta kuwa kamar 'yan uwa suke. In muka haɗu da wata a wajen Shahuci sai Baba ya danna hon, na can ma ya amsa. Na taɓa tambayarsa ko abokinsa ne, ya ce, "Ban san shi ba, amma na san abin da ya sha da safe kafin ta tashi."

Ni ina da matsayi a motar nan da babu wanda ya isa ya taɓa. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Iya, kakar tamu, ta daɗe tana fama da ciwon ƙafa, burinta ta je ta ga ƙanwarta a wani ƙauye bayan Ƙofar Kabuga, amma ko bakin titi ba ta iya takawa. Saboda ita Baba ya nemi motar da za ta shiga lungu har ƙofar soro. Yana cikin jiran layin sayen mota ya zo kansa Allah ya karɓi abarsa, motar ba ta iso ba. Ranar Asabar ɗin nan, da jama'a suka watse, ya ɗauke ni cak ya ɗora a kujerar gaba, ya ce, "Uwata, tunda waccan ba ta samu shiga ba, kujerar taki ce. In Allah ya kai mu, a cikinta za a kai ki ɗakinki." Umma ta ce yarinyar da ko wanke-wanke ba ta iya ba ake yi wa zancen ɗaki. Ni dai na riƙe maganar gam, na kuma yi ta yi wa Yaya Kabiru gwalo ta madubi duk sanda aka cusa shi a baya tare da buhun gero.

Duk ƙarshen mako, bayan na kai niƙa, Yaya ya cika randuna daga famfon bakin masallaci, sai a fito da bokiti da tsumma. Ni ce mai goge fitilu da madubi, shi taya, kuma ba ma rabuwa ba mu yi faɗa ba. In ana wasan ɓuya ƙarƙashinta ne mafakata, har ranar da na fito da baƙin mai a sabon ɗankwali Umma ta yi mini tatas. In Baba ya sauke ni a makaranta kuwa, sai na buga ƙofar da ƙarfi don kowa ya waiwayo. Ita ce kuma motar lungun gaba ɗaya. Mai naƙuda, yaron da ya faɗo daga katanga, kayan gara, ragon suna, duk ta ɗauka, Baba bai taɓa cewa a'a ba. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya ba kowa tuƙi. Ko da wasa mutum ya zauna a kujerarsa sai ya ga ɓacin ransa.

Gwaggo Asabe, yayar Baba, mace ce mai jiki, masha Allah. Ranar da aka fara ɗaukarta zuwa wani suna ta zauna a baya daɓas, ba mu kai Shahuci ba sai ƙauri ya cika motar, hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashinta. Ashe batir a ƙarƙashin kujerar baya yake, nauyinta ya danna ƙarafunan kujerar suka taɓa shi. Da yake ƙofa biyu ce, sai da na fita aka kwantar da kujerata kafin ta samu fitowa, tana salati tana kakkaɓe zani, tana cewa ita da motar aljanu har abada. Baba ya shimfiɗa tsohuwar robar taya a kan batirin, magana ta ƙare. Amma daga ranar Gwaggo ba ta ƙara zama sosai ba, a ɗosane take tafiya, ta ƙanƙame bayan kujerata har a isa.

Da shekaru suka ja, Kunkuru ta daina tashi da makulli da safe, sai da turi. Baba yana fitowa da littattafansa a hamata sai ya tsaya a ƙofar soro ya ce, "Ina injina na biyu?" Kafin ka ce kwabo yaran lungu sun fito, wani da kofin koko a hannu, wani bai gama ɗaura wando ba. Mu dafa bayanta mu yi bismillah mu tura, a zagaya kusurwar Malam Habu, daga nan ƙasa ta ɗan gangara, sai Baba ya saki kuloci, ta yi tari, ta zabura, ta bar mu cikin hayaƙi muna ihu. Ladanmu shi ne a cika mu a ciki har bakin titi. Ni ma nakan tura duk da kujerar tawa, sai ta tashi in ruga in kori wanda ya zauna mini.

Ina sakandare muka ji an daina haɗa ta a Legas. Da farko ba mu damu ba, don garejin Malam Iro, bakaniken da ya san ta kamar yunwar cikinsa, cike yake da irinta. Masu su sukan haɗu a can ƙarƙashin dalbejiya, tsofaffin malamai da akawuna, kowa yana ba da labarin inda tasa ta kai shi. A hankali kayan gyara suka fara wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka koma yanka wata don a rayar da wata. Ƙofar gefena ma daga ƙarshe ja ce, ta motar wani hedimasta da ya rasu. Wata rana injin tamu ya buga a hanya, aka turo ta gida aka lulluɓe ta da tamfol a gefen soro, kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki. 'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yi ta zarya, Baba yana sallamarsu da magana ɗaya: "Tana da sauran aiki guda."

Lokacin da aka sa ranar aurena na riga na fara koyarwa, na kuma ɗauka maganar nan ta yarinta ta wuce. Ashe Baba bai manta ba. Ya yaye tamfol, ya kira Malam Iro, suka kwance injin a kan tabarma a soro. Aka aika Kaduna, aka aika Legas, abin da ake nema bai samu ba, wanda aka samo kuma ya fi namu lalacewa. A cikin wannan faɗi-tashi ne ya ji a rediyo cewa ƙasar da ta rage tana ƙera ta ita ma ta daina. Ya kashe rediyon. Biki yana matsowa, gida ya cika da ƙamshin alkaki da dubulan, shi kuwa ya rame, sai ka gan shi zaune a dakali yana kallon motar. Umma ta ce ya haƙura, dangin ango sun tanadi motoci na gani na faɗa. Ni ma na je na durƙusa na ce masa wallahi na yafe. Bai dube ni ba ya ce, "Waccan ma haka ta ce mini, ta yafe." Na shiga ɗaki na yi kuka, don sai ranar na gane nauyin abin da yake ɗauke da shi.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motocin ango suka jeru a bakin titi, don babu wadda za ta iya shiga lungunmu. Abin da aka saba shi ne a lulluɓe amarya a taka da ita har can. Aka kai ni wurin Baba ya yi mini nasiha, gajeriya. Da aka fito da ni ta soro, ta ƙasan mayafi na hango tayoyin Kunkuru an ba su iska, an wanke su tas. Ashe tun safe Yaya Kabiru ya kira mai faci, ya kuma bi gida-gida ya tattaro injin Baba na biyu. Ga su nan, magidanta da gemu, sun naɗe hannun riga. Gwaggo Asabe, wadda ita ce mai kai ni, ta ce amarya ba ta zama a gaba, a baya ake sa ta tsakiyar iyaye. Baba ya ce, "Yaya, kujerarta ce." Ta sunkuya ta shiga ta ɗosana kamar yadda ta saba, sai Yaya Kabiru ya ce, "Gwaggo, yau dai zauna da kyau, babu batir." Dariya ta ɓarke a cikin masu kuka.

Sannan Baba ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa wa Yaya Kabiru. Uba ba ya raka 'yarsa gidan miji, kowa ya san wannan, don haka na ɗauka zai koma soro. Sai na ji lungun ya yi tsit. Na ɗaga mayafi kaɗan na duba madubin da na yi shekaru ina gogewa, na ga Baba ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya shiga tsakiyar yaran nan nasa, ya dafa bayan motar da hannu biyu. Ya yi bismillah, suka tura. Babu ruri, babu hayaƙi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da guɗar mata. Da muka zagaya kusurwar Malam Habu, inda ƙasa take gangarawa, ya sake ta ya miƙe. Motar ta ci gaba da tafiya da ni, shi yana tsaye a wurin, hannayensa a sake, har hawaye suka hana ni ganinsa.

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, Malam Habu ma haka. Bayan bikina ba a jima ba Baba da kansa ya kira 'yan gwangwan, ya ce aikinta ya ƙare, ko ciniki bai tsaya yi ba. Yanzu sai in yi shekara ban ga irinta a titin Kano ba, in na gani kuwa sai na danna mata hon, direban ya bi ni da kallo. Motar da nake hawa tana da sanyi, tana tashi da taɓa maɓalli, ba ta taɓa neman taimakon kowa ba, kuma ba ta shiga lungunmu. A bakin titi nake barinta in taka. Magadan Malam Habu sun rushe katangar ƙasa sun yi ta bulo, amma magini ya bi yadda ya tarar, kusurwar ta fito a zagaye kamar da, masu adaidaita sahu suna jin daɗinta ba su san dalili ba. Ni dai duk sanda na zo wurin sai tafiyata ta ragu, in dafa bangon kamar mai gyara takalmi. Nan Baba ya tsaya.