Yaya Mai Takarda da Kakan Aro

Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Wan mijina ne, kuma a wurinmu matar ƙani ba ta kama sunan manyan gidan miji, sai dai ta raɗa musu nata. Ni na raɗa masa Yaya Mai Takarda, sunan kuma ya bi shi, har limamin ƙauyenmu da shi yake kiransa.

Likitan dabbobi ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana leƙa bakin tumaki a nan kudancin Kazakistan, da ya yi ritaya sai ya koma leƙa asalin mutane. Kowa a cikinmu ya haddace kakanninsa bakwai ta wajen uba, domin ba ma haɗa aure sai dangantaka ta wuce bakwai. Mutane kan haddace ne su ci gaba da harkokinsu. Shi kuwa Yaya abin ya zame masa ci da sha. Ya sayo naɗin takardar da ake manna wa bango, ya juya bayanta, ya zana bishiyar zuriyarmu har ta zagaye ɗakinsa ta fito zaure. Tsohuwar motarsa ta san hanyar kowace maƙabarta a yankin nan. Idan ya ji labarin tsohon da ya haura tamanin, sai ya ɗauki rikoda ya tafi da sauri, kada mutuwa ta riga shi.

A saman bishiyar, da jan alƙalami, akwai Jarumi Borankul, kakansa na shida. Wai shi kaɗai ya tare mashigin dutse ya kori mahara arba'in. Sanda aka kawo ni gidan, maharan goma sha biyu ne, amma kowace shekara suna ƙaruwa. Saboda jarumin nan, a duk taron biki gaban Yaya ake ajiye kan rago, shi zai yanka ya raba.

Ni da shi muna da tsohuwar jiƙaƙƙiya. Shekara tara da suka wuce ɗana Nurjigit ya ga yarinya a ƙauyen gaba, magana ta yi nisa, har na fara ɗinka barguna. Sai ga Yaya da takarda a hammata. Ya shimfiɗa ta a kan ledar cin abincina, ya bi layi da yatsa, ya ce, “Amarya, ba zai yiwu ba. Sun haɗu a Borankul, na bakwai cif. Da uba ɗaya ya ƙaru da na sa albarka.” Shekara talatin ina gidan, amma har yau amarya nake a bakinsa. Maganar aure ta watse, yarona ya yi wata shida ba ya dariya. Daga baya ya auri wata, suna zaune lafiya, amma ni ban huce ba. A wurinmu baƙon da ake so rabin kofi ake zuba masa shayi, don ya daɗe ana ƙara masa. Wanda aka cika wa kofi, an ce ya sha ya kama gabansa. Tun daga ranar nake cika wa Yaya kofinsa har baki, shi ma ya san dalili.

Matarsa ta rasu da daɗewa. Bara da bazara ya je wurin wata bazawara mai suna Kulpash, wadda ke sayar da busasshen cuku a bakin titi, don an ce mahaifinta ya bar tsofaffin hotuna. Ya dawo da hoto ɗaya da cuku buhu guda. Bayan kwana uku ya koma, wai akwai sunan da bai ji da kyau ba. Kafin wata ya cika ya rina gashin baki, ya wanke motar da ba ta ga ruwa ba tun zamanin gonar gwamnati. Gidanmu kuwa cuku ya ishe mu, har kare ya daina karɓa.

Sai ranar da ya tuna da aikinsa, ya ce ta lissafa masa kakanninta. Kulpash ta jero su tiryan-tiryan, a na shida ta ce, “Borankul.”

Labari ya iso ƙauye kafin motarsa. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ashe wanzami ba ya son jarfa. Ga shi ɗan Kulpash ya ce da zarar ƙanƙara ta fara sauka zai zo ya ɗauke ta zuwa birnin Almati. In ba a ɗaura musu aure ba kafin nan, shi ke nan.

Yaya ya daina fita. Da na kai masa abinci wata ranar Laraba da hantsi, na tarar da shi zaune ƙarƙashin jan sunan, kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Rinin gashin bakin ya zube rabi.

Ya ce, “Amarya, zauna ki ji wani abu. In kin ji, ki zage ni, na cancanta.”

Ya ciro kaset daga gwangwanin shayi ya saka. Muryar wani tsoho ce da ya daɗe da rasuwa, yana ba da labarin da kakarsa ta ba shi. A shekarar da ƙanƙara ta kashe dabbobi, ayarin raƙuma ya wuce ya bar jariri a bakin rijiya. Wani jikan Borankul da bai haihu ba ya ɗauke shi, ya yanka rago, ya damƙa masa ƙashin ƙwauri a gaban jama'a, kamar yadda ake mai da yaro ɗa a al'adarmu, ya ce ɗansa ne. Jaririn shi ne Koshkar, kakan baban Yaya, kakan baban mijina.

Na ce, “Wato babu ɗigon jinin jarumin a jikinku?”

“Ko ɗigo.”

“Yaushe ka sani?”

Ya sunkuyar da kai. “Shekara ɗaya bayan maganar Nurjigit.”

Na zage shi kuwa, duk da ban kama sunansa ba. Na ce ya raba yarona da yarinya a kan kakan aro, ya zauna shekara takwas yana cin kan rago da bakin ƙarya. Da na gaji na ce, “To, ga hanya Allah ya buɗe maka. Ko jarumi ko Kulpash, Yaya. Jarumin dai ba zai dafa maka shayi ba.”

Ya yi sati biyu yana juyi. Sanyi ya fara shigowa. Sai ya yanka rago ya tara dattawa da dangi, har Kulpash ta zo ta zauna cikinmu mata. Da aka ajiye kan ragon a gabansa, sai ya tura shi gaban dattijo Sagindik, wanda ya fi kowa shekaru. Ya kunna kaset. Ba ka jin komai a ɗakin sai muryar mamacin da tarinsa.

Da ya ƙare, mijina ya zabura ya ce, “Yaya, ni ma ɗin?”

“Uwa ɗaya uba ɗaya muke, sakarai. Daga ina za ka fito?”

Wani ya ce ƙashin ƙwauri ya mai da Koshkar ɗa, don haka haramcin yana nan. Sagindik ya gama tauna kunnen ragon tukuna, sannan ya ce ƙashi yana ba da suna da makiyaya, amma jini ake gudu a aure, kuma bai taɓa jin ƙashi ya zuba wa mutum jini ba. Ya juya wajenmu ya ce, “Ke Kulpash, za ki auri mai kakanni uku? Ɗan shekara biyar ma ya fi shi.”

Ta ce, “Baba, ai ya fi sauƙin haddacewa. Kuma ni dama maharan nan arba'in sun ishe ni.”

Aka bushe da dariya, ban da Yaya. Ya ɗauko almakashin sausayar tumaki ya nufi bango, ya yanke reshenmu daga jikin Borankul. Aikin shekara goma sha biyar ne, na ga hawaye a idonsa, ni ma abin ya taɓa ni. Ya zo gaban Nurjigit, ɗan ƙaninsa, ya tsaya da guntuwar takardar ya ce, “Na cuce ka, ɗana. Ka yafe mini.”

Nurjigit ya karɓi takardar ya duba can ƙasa, inda sunayen 'ya'yansa uku suke da rubutun Yaya. Ya ce, “Baba, da ba ka yi kuskuren nan ba, waɗannan ukun fa? Ina za ka rubuta su?”

An ɗaura aure kwana huɗu kafin ƙanƙara. Yanzu yana yawo da Kulpash a gaban mota, suna neman wanda ya san inda ayarin raƙuman nan ya fito, kuma na ji ya fara cewa wataƙila madugun ɗan sarauta ne. Hali zanen dutse.

Amma a ranar taron, bayan an kwashe kwanuka, ni ce a kan tukunyar shayi. Ya miƙo kofinsa bai ko dube ni ba, don ya saba. Na zuba masa rabi. Ya daɗe yana kallon cikin kofin, sannan ya shanye a hankali ya sake miƙo mini.